Farar Yakuwar Ɗanjuma

Shekara tara Ɗanjuma ya yi yana noma a Wadi Fatima, kusa da Makka, a gonar da babu sunansa a takardarta. Daga ƙasar Gwadabawa ya zo aikin Hajji, bai koma ba, ba shi da takardar zama. Gonar ta Muhannad ce, ɗan Hausawan unguwar Tandabawi, haifaffen Makka, wanda ya gaje ta tana kufai. Ɗanjuma ne ya raya ta. Shi ya gano cewa matan da ke dafa wa alhazanmu tuwo a unguwar Misfala ba tumatir suka rasa ba, yakuwa suka rasa, farar nan mai tsami ta miyar taushe. Ya aika gida aka kawo masa iri. Ya bi gidajen girki ɗaya bayan ɗaya da ɗaurin ganye a hannu har suka san shi. Kowace shekara yakan bar kunya biyu a ƙarshen gona ba ya yanka, su tsufa su yi 'ya'ya, ya sheƙe ya zuba a tsohuwar jarkar Zamzam.

Muhannad bai taɓa tambayar dalili ba. Mutum ne mai zuwa gona da farar riga ya tsaya a inuwar mota. Da ya ga kasuwa ta buɗe, sai raba amfanin gona da Ɗanjuma ya fara yi masa ciwo.

Wata Talata cikin Rajab ya zo da sabbin ma'aikata biyu.

"Ya ammi, halas, shi ke nan, ka huta haka," in ji shi, yana kiran Ɗanjuma baffa da Larabci.

"Waɗannan sun san yakuwa?" in ji Ɗanjuma.

"Ganye ne fa! A zuba ruwa, ya fito."

"Shekara tara, Muhannad. Ni na ɗauki gawar mahaifinka."

"Shekara tara ba takarda. Waya ɗaya zan buga ka tsinci kanka a Sakkwato."

Ɗanjuma ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki buta da jarkar. Muhannad ya karɓi jarkar ya girgiza, ya yi dariya.

"Mene ne wannan? Tsakuwar jifan Shaiɗan kake tarawa?"

Ya miƙa masa abarsa. Ɗanjuma ya bi ta gefen kunya biyun nan, 'ya'yansu ba su nuna ba tukuna. Ya san abin da zai same su. Kalma ɗaya ta isa gargaɗi, ya haɗiye ta. Wannan ba halin kirki ba ne, shi ma ya sani, bai kuma yi nadama ba.

Kafin sati Muhannad ya sa an yanke kunyoyin, wai asarar fili ne. Da lokacin shuka ya zo babu iri. Ya shiga shago a Rusaifa ya ce a ba shi irin karkade, aka auna masa jan nan na mutanen Sudan, wanda ake nomawa don zoɓo. A idonsa duk ɗaya ne.

Shi kuwa Ɗanjuma, wani tsohon Balarabe mai gona a maƙwabta ya daɗe yana kallon aikinsa ta kan shinge. Ya ba shi fili a raba amfani. Ya shuka rabin jarkar.

Zulƙida ta kama, alhazai suka cika Misfala. Muhannad ya loda mota ya nufi gidan Hajiya Sa'adiya, babbar mai girki, wadda sauran matan ke bin bakinta. Ta zari ganye ɗaya, ta dubi jan karansa, ta tauna, ta tofar.

"Kai, ɗan nan, wannan fa?"

"Yakuwa ce, ya hala," in ji shi, wato inna.

"Yakuwar gidanku! Wannan in na zuba a taushe, miyar ta yi ja kamar an yanka kaza a tukunya. Alhajin Katsina zan kai wa wannan? Ina Malam Ɗanjuma?"

"Ya bar aiki."

"Ya bari ko ka kore shi? Ai tun asuba ya sauke mana tamu. Kwashe kayanka, kana tare mini ƙofa."

Ya zaga gida shida, amsa ɗaya. Zuwa azahar ganyen ya yi yaushi a bayan mota.

Washegari Ɗanjuma yana ban ruwa ya hango farar riga a bakin shinge.

"Ya ammi, ka yi haƙuri. Mudu ɗaya na iri kawai. In ban shuka yanzu ba, gonar Baba ta mutu."

"Ganye ne fa," in ji Ɗanjuma. "Ka zuba ruwa."

"Don Allah, ya ammi."

Ɗanjuma ya shiga bukka. Jarkar tana nan a kusurwa da sauran rabin irin a ciki, ya wuce ta. Ya fito da dunƙulen daddawar batso guda, wadda Hajiya Sa'adiya ta yi da 'ya'yan yakuwar da ya ba ta, dafaffe, ruɓaɓɓe, mai wari. Ya ɗora a tafin Muhannad.

"Ga irin da ya rage maka. Kai wa mahaifiyarka, ita ta san darajarsa. Ka gaishe ta."

Muhannad ya ciro wayarsa, ya riƙe ta a hannu, ya daɗe. Sai ya dubi tsohon Balaraben da ke zaune a kan kujera yana kallonsa, ya mayar da ita aljihu.

Ɗanjuma ya koma ya buɗe wa kunya ta gaba ruwa. A ƙarshen filin ya riga ya kewaye kunya biyu da igiya, ba mai taɓa su.