Sai Saje Ya Sallame Shi

"Ai Yusufa ba zai mutu ba, Malama, sai sun sake shi," in ji Hauwa mai awara, tana juya suya. "'Yan ƙungiyar asiri ne. Duk Asabar sai tsofaffin nan sun zo, wani daga Dangoma, wani daga Malisa. Su rufe ƙofa, su daka wani koren magani, su ɗura mishi."

Malama Jidda ta dube ta ta saman tabarau. Tarihi ta koyar har ta yi ritaya ta dawo Kalgo, kuma ba ta sayen labarin da ya fara da "an ce".

"Ke kin gani?"

"Wadda ta gani ta gaya wa Indo."

Tun da ciwon maƙwabcinta Yusufa ya tsananta, matan layin suka ɗauke ƙafa daga gidan. Matarsa Lidiya, wadda babu suna ko rasuwar da ba ta je ba, ita kaɗai take jinya. In ya cika a haka, ita kaɗai za ta zauna kan tabarmar makoki. Wannan ya sa ranar Asabar da hantsi Jidda ta ɗauki sandarta, ta yi ta bugun ƙofar har aka buɗe.

"Maman Rejoice, ya mai jiki?"

"Shigo ki gani, Malama," in ji Lidiya. "Likita ya sallame shi, fasto ya yi addu'a har murya ta dishe. Shi ko ya ce Saje bai ba shi izini ba."

A tsakar gida wani dogon tsoho mai farin gemu yana riƙe da taɓarya, ya naɗe hannun riga. Yana ganin Jidda ya ɓoye taɓaryar a bayansa, alhali ta fi shi tsawo.

"Saje Abu ke nan," in ji Lidiya. "Mai fifita wuta Joshua. Don kar a ga maza suna daka suke rufe min ƙofa."

Yusufa na kwance a inuwar rumfa, ya zama ƙashi da fata, ga kwanon shinkafa da koriyar miya a gefensa. Joshua ne ya yi bayani. Tare aka tura su Laberiya kwantar da tarzoma. Can 'yan Kebbi suka haɗa ƙungiya, suna cin tukunya ɗaya, suka kafa doka: ba mai tashi sai ya cinye kwanonsa, babba ya sallame shi. Sun dawo da dokar, sun dawo da miyar.

"Ba ku kuka fara ba," in ji Jidda. "Sojojin haya na wata tsohuwar ƙasa, Tarakiya, da suka je Masar aiki zamanin Girkawa, haka suka yi ƙungiyar 'yan gida ɗaya."

"Mu ba haya aka yi da mu ba, Hajiya, gwamnati ta tura mu," in ji Saje. Ya dubi kwanon. "Su ma wagga miya suke ci?"

"Littafin bai faɗa ba. Me ya sa ba ka sallame shi ba?"

"Bai cinye ba. Doka doka ce."

"Cokali biyu nake iyawa, Saje," Yusufa ya ce da ƙyar. "Kai kuma kullum ƙara cika kwanon kake yi."

Saje ya juya yana duban turmi, kamar akwai abin da ya manta a ciki.

Jidda ta ajiye sanda, ta zauna, ta jawo kwanon. "Dokar ta faɗi wanda zai cinye?"

"Kwano dai ya zama wayam," in ji Joshua.

"Farar hula ba ta..." Saje ya fara.

"Ɗankwali ne a kaina. Miƙo cokali."

Ta yi bisimilla ta ci. Barkono ya sa ta hawaye, Yusufa na dariya ba sauti. Ta sudi kwanon da yatsa, ta kife shi a gaban Saje.

Tsohon ya daɗe a tsaye. Sannan ya warware hannun rigarsa, ya haɗa ƙafafu, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Kofur Yusufa."

"Sa."

"Ka yi aikinka. An sallame ka."

Bayan la'asar Yusufa ya cika, hannunsa cikin na Lidiya.

Washegari Jidda ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan, ƙofa a buɗe, ta zauna inda duk mai wucewa zai ga ta kwana lafiya. Indo ce ta fara shigowa, sai sauran suka biyo ɗaya bayan ɗaya. A bakin rijiya Saje da Joshua suna wanke tukunya.

Hauwa ta matso, ta rage murya. "Malama, an ce kin sha maganin. Mi aka sa ciki?"

"Ganyen rogo ne, da manja, da busasshen kifi."