Kayan da ba ya son zafi

Sau uku Barnaba, makanikin ofishin kiwo na Belbeji, yana kunna kwamfutar nan. Fanka ta juya, ta yi wani ɗan tari, allo kuwa baƙi ƙirin. Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. A 1988 ita ce ta fari da ta taɓa zuwa garin, kuma darakta ya riga ya yanke: in a hanya ta lalace, direba ya ajiye makulli yau ɗin nan.

Direban da ya ɗauko ta kuwa Ila ne, dattijo mai 'ya'ya bakwai. Ga shi can yana zagaya landiroba, yana goge gilashin da ya riga ya goge.

Barnaba ya kwance murfi, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Ya girgiza kowace waya, lafiya lau. Ya zaro babban allon ciki da ake ce wa uwa, ya kai shi bakin taga. Kai! Gefe guda ya ƙone, ƙasan kuma danshi. Danshi a nan ƙasar Damargu, tsakiyar bazara?

Ya leƙa waje. "Baba Ila, ruwa kuka shiga?"

"Ruwa a ina, Malam Barnaba?" Ila ya matso, har da ɗan murmushi. "Ba kai ka aiko cewa zafi ne ajalinta ba? To, ni shekara ashirin na yi ina ɗauko goro, ko ƙwarya ɗaya ba ta taɓa bushe mini ba. Fitar da ita na yi daga kwalin nan mai turiri, na naɗe ta da buhun algarara, duk inda na tsaya sai na yayyafa mata. Tun Bakin Birji ban kurɓi ruwan salkata ba, ita na bar wa."

Wayyo, bawan Allah! Barnaba ya so ya yi ihu, tausayi ya hana shi. Leɓen tsohon duk ya tsage.

Sai ga darakta a bakin ƙofa, takardar sallama daga aiki a hannu. "To, makaniki? A hanya ne?"

Barnaba ya dubi ƙunar. Ya san in ba makullin Ila ba, to nasa ne za a karɓa.

"Da ranta ta iso, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ni na ba ta wuta ban buɗe na duba ba."

Darakta ya cire murfin biro. "Faɗa mini cikakken sunanka."