Inda Jinjiri Zai Kwana

Cikin Najiba ya shiga wata na takwas daidai lokacin da aka fara karyar masara a Danja. Mijinta Awaisu tun da sassafe yake fita gona, sai la'asar yake dawowa jikinsa duk ƙaiƙayi. Ita kuwa tana gida gaban keken ɗinkinta, tana haɗa 'yan riguna da huluna da ragowar yadin da masu kawo ɗinki suke bar mata.

Najiba ba ta ji. Sanƙarau ne ya kama ta tana ƙarama, ta warke amma ya tafi da jinta. Da yake ta iya magana kafin ciwon, har yanzu tana yi, sai dai muryar takan yi sama ko ta yi ƙasa ba ta sani ba. A makarantar kurame ta Malumfashi ta koyi karatu da maganar hannu da ɗinki. In mutum ya fuskance ta ya yi magana a hankali, tana gane abin da ya ce daga motsin bakinsa.

Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, saboda haka babu zancen tafiya gida haihuwa. Surukarta, Inna Mairo, wadda suke gida ɗaya, ita ta ɗauki nauyin komai. Ta sa Awaisu ya tara itacen wanka a bayan rumbu, ta aro babbar tukunya, ta daka yaji ta zuba a gwangwani, ta sa aka shafe ɗakin Najiba da farar ƙasa. Ranar kasuwa kuma Awaisu ya dawo da 'yar katifa da ƙaramin gidan sauro ɗaure a bayan babur.

Najiba ta share gefen gadonta tana jira a shigo da su. Sai ta ga Inna ta karɓa ta wuce ɗakinta da su. Ta leƙo ta ga uwa da ɗa tsaye a tsakar gida suna magana, Inna ta juyo gefe, bakinta yana fitowa sosai.

"A wajena zai riƙa kwana, da rana ma haka," in ji Inna. "In ya ji yunwa na miƙa mata ta ba shi. Yarinyar nan ba ta da laifi, amma in yaro ya shiɗe da kuka a bayanta, wa zai gaya mata?"

Awaisu ya sunkuyar da kai, bai ce komai ba.

Da ya shigo ɗaki bayan ya yi wanka, ya tarar ta rufe kwanon abincinta ba ta taɓa ba. Ya zauna inda za ta ga fuskarsa.

"Kin ga abin da Inna ta ce ke nan."

"Na gani. Kai ma na ga abin da ka ce."

"Ai ban ce komai ba."

"Shi na gani," in ji ta.

Ya murza hularsa. Can ya ce Inna tsoro take ji, ba ƙi ba ne. Najiba ta ce ta sani, ita ma tsoron take ji, tun ranar da aka ce mata tana da ciki take jin sa. Amma ba ta son ɗanta ya tashi ya san cewa in ya yi kuka wata ce take zuwa.

"To ya kike so a yi?" ya tambaye ta.

"Ban sani ba tukuna. Ka dai bar ni in gwada."

Katanga ɗaya ce ta raba su da gidan Malam Isaiah, malamin firamare. Matarsa Victoria tana goyon ɗa ɗan wata uku, sunansa Micah, ga shi waken gonarsu ya bushe yana neman zubewa, ba ta da wanda za ta bar wa yaron. Najiba ta shiga ta faɗa mata abin da ke ranta ba ɓoyo, ta ce ta riƙa kawo mata shi da safe ta gwada reno, gonar ai ba nisa, in ya buƙaci nono sai a aika.

Victoria ta ce, "Inna tana gida?"

"Tana nan."

"To gobe zan kawo shi."

Ranar farko ba ta yi kyau ba. Micah ya yi barci, Najiba ta kwantar da shi a gadonta ta fita madafi ta ɗora wake. Tana ta leƙowa, duk leƙowar yana barci. Daga nan wutar ta ƙi kamawa, ta duƙa tana hurawa, hayaƙi ya cika mata ido. Da ta ɗago sai ta ga Inna tsaye a ƙofar ɗakin da yaron a kafaɗa tana jijjiga shi, fuskarsa sharkaf da hawaye. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta dai kalle ta, ta wuce da shi inuwa.

Da Victoria ta dawo, Najiba da kanta ta ba ta labari, tana jiran ta ce an gama. Victoria ta sa yaron a nono ta ce, "Ni da nake da kunne, ran nan ina wanki a bakin rijiya ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Gobe ki goya shi kawai, shi goyo yake so."

Washegari ta goya shi, ta ɗaura zanin sama da cikin, ta zauna kan kujerar ɗinki tana yin kalmasa da hannu. Can ta ji wani abu kamar ƙaramin inji yana kaɗawa a tsakiyar bayanta. Ta ajiye allurar ta kwance shi, ta ga bakinsa a buɗe yana kuka. Ta canza masa ƙyalle, ya yi shiru. Kafin sati ya zagayo ta fara rarrabewa: akwai mutsu-mutsun da yake yi in ya jiƙe, akwai goga fuska a bayanta in yana neman nono, tun kafin kukan ya zo.

Saura in yana kwance. Ba za ta yini da goyo ba, musamman tana jego. Ta zauna ta duba gidan kamar yau ta fara shigowa. Madafin yana can kusurwa, keken ɗinki yana rumfa, ɗakin kuma tagarsa ɗaya ce, ita ma ta bayan gida take kallo. Ta ja hannun Awaisu ta kai shi jikin bangon da ke fuskantar rumfar, ta zana masa murabba'i da gawayi, daidai tsayin idon mutumin da ke zaune.

Rabe magini ya zo ranar Asabar da guduma. Inna ta fito da ta ji bugun.

"Bangon da aka shafe shekaranjiya kuke fasawa?"

"Taga ce, Inna," in ji Awaisu. "Don in tana aiki ta riƙa ganin gadon."

"Sauro ma zai riƙa ganin gadon."

"Za a sa raga."

Ta koma ɗaki tana gunaguni a kan kuɗin siminti. Amma da aka gama, aka matso da murhu kusa da rumfar, Najiba ta lura Inna ta fara fito da tabarmarta nan tana tsince wake. Tana yi tana kallo. Wata rana Micah yana kwance a ciki, Najiba tana taka keke, idonta yana zuwa tagar yana dawowa. Ta ga ƙafarsa ta harba zani, ta tashi ta shiga. Tana fitowa da shi, Inna ta taɓa mata hannu don ta dube ta.

"Bai yi kuka ba fa."

"Zai yi, Inna. Haka yake farawa."

Inna ta karɓe shi ta shafa ƙyallen, ta ji a jiƙe. Ta miƙa mata shi ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ba a sake ta da maganar ba sai ranar da aka gama sussukar masara. Da hantsi Inna ta shigo ɗakin Najiba rungume da 'yar katifar da gidan sauron, ta ajiye su gefen gado. Ta sake fita ta dawo da nata shimfiɗin da buta da carbi.

"Da rana na ga kin iya," ta ce, tana buɗe baki sosai yadda ba ta saba ba. "Dare ne ban yarda da shi ba. In kin yi barci ba taga ba goyo. Nan zan kwana har ku yi arba'in. In ya motsa in taɓa ki, ke za ki ɗauka."

"Bayan arba'in fa, Inna?"

"Sai mijinki ya dawo ɗakinsa. Ai yana da kunne, ya yi aiki da shi."

Najiba ta durƙusa da ƙyar ta yi godiya. Inna ta ɗago ta tana cewa ta bar durƙuso da wannan ciki.

Naƙuda ta zo ranar wata Talata da safe. Malam Isaiah ne ya kai su asibiti a motar wani abokinsa, kafin azahar ta sauka lafiya, mace. Kwana ɗaya aka sallame su. Awaisu ya yi mata huɗuba da Amatullahi.

Safiyar farko a gida, Najiba ta fito daga wanka jikinta yana tururi, ƙamshin ganyen darbejiya ya cika tsakar gidan. Victoria ta shigo da kunu a kwano. Inna tana zaune kan kujera 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafafu ta ɗora jaririyar a kai tana yi mata wanka, ita kuwa ta dunƙule hannu tana tsala kuka. Najiba ta zauna kusa, ta daɗe tana kallon ɗan bakin.

"Inna, ya muryarta take?"

Inna ta tsaya da soson a hannu, ta karkata kai tana saurare kamar yanzu ta fara ji.

"Babba ce," ta ce. "Ta fi jikinta. Tana da 'yar kaushi a ƙarshe, irin ta ubanta yana jariri. Gaskiya ba daɗi gare ta ba."

Victoria ta yi dariya har kunun ya kusa zubewa. Najiba ma ta yi, ta ce a ƙara faɗa mata, a hankali. Inna ta maimaita, sannan ta naɗe jaririyar a tawul ta ɗora mata a cinya, ta tashi ta je duba wuta.