Kalmar Da Ta Mutu A Ingila

Furera na durƙushe a gefen tabarmar asibiti, Sista Rifkatu na miƙe wa Munir ƙafafu. Shekarar da soja suka sauka daga mulki aka haife shi, ga shi yana neman shekara uku bai zauna ba, ko wuyansa bai tsaya ba.

Sista 'yar Jos ce, ta tsufa a aikin gashin ƙashi. Ta lura yau Furera ba kamar kullum take ba, ta matsa mata da tambaya har ta faɗa. Hansai, yayar mijinta, ta zo daga gida ta ce yaron ɗan ruwa ne, musanya shi aka yi. Yau bayan la'asar za a ajiye shi a bakin kogi a juya baya, in na 'yan ruwa ne zai zama maciji ya shige ruwa. Mijin, Zayyanu, kuwa kwasar wuƙaƙensa kawai ya yi ya tafi mayanka.

Sista ta daɗe tana murza tafin ƙafar yaron. Sannan ta ce Turawan da suka koya mata aiki ma suna da wata tsohuwar kalma, "changeling". A da can a ƙauyukansu, in yaro ya ƙi tashi sai a ce aljanu sun ɗauke na gaskiyar sun ajiye nasu. Wasu su bar shi a daji ya kwana, wasu su kara shi a wuta, wai a dawo musu da ɗansu.

"An taɓa dawo musu da ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, 'yata. Irin naki ne, wahalar haihuwa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Yanzu kalmar ta mutu, sai dai a littafi."

Furera ta tambayi tsawon lokacin da kalmar ta ɗauka kafin ta mutu. Sista ta ce ɗaruruwan shekaru. Furera ta dubi agogon bango, ta goya ɗanta, ta ɗaure zani tamau.

A tashar Agege ta tarar da Zayyanu yana jiranta, ko rigar aiki bai canza ba, har ya tsayar da ɗan okada da zai kai su kogin a babur. Idanunsa sun yi ja.

"Maman Munir, gwadawa kawai za a yi. In namu ne ba abin da zai same shi, sai Yaya ta ƙyale mu."

"In mun juya baya, wa zai riƙe masa kai?"

Ta ce masa in yana nemansu suna Ajegunle gidan yayanta Uwaisu, amma ya zo shi kaɗai. Ta shiga motar danfo mai zuwa Oshodi, ta kwance goyon ta rungume.

Zayyanu ya biyo motar yana kiran sunanta. Munir ya ji muryar babansa ya ƙyalƙyale da dariya, kamar yadda ya saba in an dawo daga aiki. Har suka wuce Ikeja yana juya ido yana neman ta inda muryar ta fito.