Ga Ta Nan, Tambaye Ta

Har an shimfiɗa katifa a bayan motar kafin Mai Ɗinki ta fito daga shagonta, tef ɗin awo a wuya, guntun zare a leɓe. Wan Mai Keke, maƙwabcinta, shi ne tsaye a ƙofar gidan yana ta ba direba umarni.

"Matso da ita daidai ƙofa. Ke Auta, shiga ki haɗa masa kaya. Gida za mu kai shi, cikin danginsa."

Auta ba ta motsa ba. Tana tsaye bakin shagon ubanta, hannunta duk baƙin mai, yayyenta biyu a bayanta. Da Baffan nasu ya hango Mai Ɗinki sai ya yafito ta.

"Yawwa baiwar Allah, ke babba ce, zo ki yi wa yaran nan magana. Tun safe nake fama da su."

Ita kuwa Mai Ɗinki, in don ta ita ne, ai ta daɗe da cewa za a rina. Shekara da shekaru tana ganin yadda Mai Keke ke renon 'ya'yansa mata uku tun bayan rasuwar uwarsu, abin yana ba ta haushi. Ba ya taɓa amsa tambaya a madadinsu. Malamin makaranta ya zo ya ce me ya hana ta tsakiyar zuwa jiya, sai ya ci gaba da liƙe tayarsa ya ce, "Ga ta nan, tambaye ta." Ko ita Mai Ɗinkin ta tambayi irin ɗinkin da za a yi musu, amsar ke nan. Haka yaran suka tashi suna kallon mutum cikin ido, ba rashin kunya, amma fa ba inda-inda. Babbar tana koyarwa, ta tsakiya tana aikin haɗa wayar lantarki, Auta kuma in ta taso makaranta sai ta ɗauki sifana.

Har da ita ya taɓa yi wa. Wata rana ya ga 'yarta tilo, wadda ake kira Lelen Umma, ta zuba wa wani ƙaramin keke ido, ya ce, "Kina so ki koya?" Caraf Mai Ɗinki ta ce, "Ba ta so, tsoro gare ta." Ya ɗago kai yana murmushi ya ce, "Ikon Allah. Maƙwabciya, ashe ke ce Lelen?" Ta yi kwanaki ba ta gaishe shi da kyau ba.

To yanzu ga shi kwance. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a tsakiyar shago, likita ya ce a maido shi gida a lallaɓa, sauran sai addu'a. Da ciwon ya sake bugunsa sai ya tafi da maganar gaba ɗaya.

Mai Ɗinki ta matso kusa da Auta ta rage murya. "Haba Auta, wan ubanki ne fa. Ki bari a tafi da shi mana."

"Anti, tun bakinsa na buɗe ya ce kada a fitar da shi daga ɗakin nan. A nan Ummanmu ta cika. Ya ce yana son ya riƙa jin ana buga ƙarfe a shago."

"Ji min yarinya!" in ji Baffa. "Ke za ki gaya min abin da ƙanina yake so? Ni na goya shi! Mutumin da ko magana ba ya yi, me ya sani yanzu?"

Auta ta amsa, ba ta sunkuyar da kai ba. "Baffa, ku yi haƙuri, ba gardama nake muku ba. Ga shi nan a ɗaki. Ku tambaye shi."

Wallahi sai Mai Ɗinki ta ji kamar uban ne da kansa ya yi maganar.

Suka ɗunguma ciki. Ɗakin na warin man zafi da sabulu, an buɗe tagar da ke kallon shago. Mai Keke na jingine da filo biyu, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, amma an aske masa gemu tsaf. A ƙarfen gadon, daidai hannunsa mai lafiya, yaran sun ɗaura ƙararrawar keke da kusoshi.

"In eh ne zai kaɗa," in ji babbar. "In a'a ne zai yi shiru."

Baffa ya tsaya yana kallon ƙararrawar kamar za ta cije shi. Tun da ya iso da safe, sai yanzu ya dubi fuskar ƙanin nasa sosai. Ya zauna a bakin gado ya cire hula.

"Ɗan'uwa, kana ji na?"

Ƙirrin.

"Na zo da mota. Za ka bi ni gida?"

Shiru. Babban yatsan na kan ƙararrawar, bai motsa ba. A waje direba ya danna hon, ta tsakiya ta leƙa taga ta harare shi.

"Nan kake so ka zauna? Wurin yaran nan?"

Ƙirrin, ƙirrin, ƙirrin. Ya yi ta kaɗawa har ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗaga, wato dariya yake yi.

"Kai dai ba ka canza ba," in ji Baffa. "Taurin kan nan tun kana yaro." Sai ya rufe fuska da hular ya fashe da kuka, babban mutum da shi. Da ya natsu ya ce a shigo da katifar daga mota a shimfiɗa masa a ƙasa, shi ma ba inda za shi.

Mai Keke bai cika mako ba. Wani hantsi, Auta na shago tana miƙe gargaren wani keke da guduma, Baffa na ba shi ruwa a cokali, Allah ya karɓi abinsa. Mai Ɗinki ta yi kukan da ita kanta ba ta zata ba. A zaman makoki ta ga yadda yaran suka riƙe gidan, wannan na tarbar baƙi, wannan na wurin tukunya, Baffa kuwa komai aka zo masa da shi sai ya nuna su ya ce a tambaye su. Ta raya a ranta cewa marigayin ya yi aiki, ba ƙarami ba.

Bayan an watse, wata yamma Auta ta turo ƙaramin keken nan har ƙofar shagon ɗinki. An yi masa sabon fenti, an ɗaura masa ƙararrawar da aka kwance daga gado. Lelen na zaune a ƙasa tana tsintar ƙyallaye.

"Tun kafin ya kwanta ya gyara shi," in ji Auta. Ta durƙusa daidai tsayin yarinyar. "Kina so ki koya?"

Lelen ta waiwayi uwarta, yadda ta saba. Amsar ta zo wa Mai Ɗinki har bakin leɓe. Sai ta ɗauki zare ta sa a haƙori, ta duƙufa neman kafar allura, ta ƙyale su.



"Ina so," in ji Lelen, can ƙasa-ƙasa.

Mai Ɗinki ba ta ɗago ba sai da suka yi nisa. Auta na riƙe da sirdi tana bi da gudu, keken na tangaɗi hagu da dama, ƙararrawar na ta kaɗawa har ƙarshen layi.