Kwalta a Layinmu

A cikin wayar Auta, layinsu ya zama wani wuri dabam. Kwalta baƙa wuluk tana sheƙi, fitilu a jere, har da itatuwan da ba wanda ya shuka. Da ɗan yatsa ya share kwatar ƙofar gidansu, ya ɗora hoton ɗan takara, ya rubuta: "Aiki ya kankama." Sana'arsa ke nan tun da ya gama makaranta: Oga ya turo hoto, shi ya gyara, ya watsa da sunaye iri-iri.

"Me kake wa murmushi?" in ji Inna daga kan katifa. Tun da santsin kwatar nan ya kayar da ita ƙugunta ya goce, ba ta sake leƙa waje ba.

Kafin ya ɓoye wayar ta miƙo hannu. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ba ƙofarmu ba ce? Ikon Allah! Shi ne ba wanda ya gaya mini?"

Auta ya buɗe baki, sai ya ga yadda fuskarta ta washe. Ya ce, "Kwanan nan aka yi, Inna."

* * *

Daga ranar hankalin Inna ya koma kan titin nan. In iska ta kaɗa labule, sai ta ce ganyen sababbin itatuwan ne. Tana lumshe ido sai ta ga kanta tana takawa a hankali, ba sanda, ba taɓo, har gidan ƙanwarta. Abincin da take turewa ma ta fara cinyewa.

Ran nan da hantsi ya tarar ta yafa mayafin fita, ta sa takalmi.

"Goya ni, Autana. Bakin ƙofa kawai."

"Inna, da ranar nan?"

"Ni ba a rana na goya ka ba?"

Ya durƙusa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya tura ƙyauren da ƙafa.

Koren ruwa na kwance inda yake, ledoji na yawo a kai. Wani mai kurar ruwa yana ta fama da tayarta da ta nutse. Auta ya ji numfashinta a wuyansa, ya ji yatsunta suna sakin kafaɗarsa.

"Mayar da ni ciki," ta ce a hankali. "Ranar da zafi kuwa."

A aljihunsa wayar sai motsi take, jama'a na ta sa wa ɗan takara albarka.