Yayen da Ban Bari An Ƙarasa Ba

Tun tana wata huɗu kirci ya kama ɗiyata ta fari. Wuya, bayan gwiwa, lanƙwasar hannu, duk suka yi ja suna tsattsafo da ruwa, tana susa har ta fidda jini. Ba abin da ban shafa ba, sai da majo, ma'aikacin jinya na asibitin Badagishiri, ya ce in bar wahalar da yarinya: ruwa mai ɗan ɗumi, ban da soso, ban da sabulu mai ƙarfi, in shafe ta da man kaɗanya tun jikin bai bushe ba, sau uku a yini. Ya ƙara min wani ɗan mai na ranar da abin ya tashi. Cikin wata biyu fata ta kwanta. Na sha wuya kafin in ga haka, kuma ni kaɗai na sha ta.

Sai yaye ya zo. Uwar mijina, Inna Ummu, ta taso daga Tsarnawa ta ɗauke ta, yadda aka saba. Na miƙa mata gwangwanin man, na fara bayani. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗiya tara niy yaye, ke ka koya min? Ɗiyah hwari ta fa. Ina kunyakki?"

Na ja da baya. A wurinmu uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Mijina Mas'udu kuwa, in uwarsa na magana bakinsa ɗinkewa yake. Yana tsaye yana gyara hula aka tafi da ita.

Kwana goma sha biyu na daure. Ran kasuwa wata mai nono daga Tsarnawa ta ja ni gefe ta ce, "Ɗiyag ga taki ba ta bari unguwa ta huta da kuka." Ban koma gida ba, ban nemi izinin kowa ba, na hau kabu-kabu sai Tsarnawa.

Tun daga zaure na ji muryar yarinyar, ta dushe. A tsakar gida na iske Inna ta matse ta tsakanin gwiwoyi, ruwa na tururi, tana dirza mata wuya da soso da sabulun salo. Kumfar har ta yi ja. Mata uku na zaune suna ɓarar wake suna kallo. Gwangwanina na bisa katanga, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Inna, sake ta."

"Dauɗa ta! Maiko kinka liƙe mata, shi ni ka hiddawa."

"Na ce ki sake ta!"

Na fizge ta da kumfar da komai, na ɗauraye ta da ruwan randa, na goya. Ɗaya daga matan ta kama haɓa. "A'a! Gaban surukuwa? Kan ɗiyah hwari?"

"Ɗiyata ta. Yasmin sunanta, ku ji da kyau."

Inna ta miƙe. "In kinka hita da ita, kak ki sake taka gidan ga."

"Ko kin aiko, Inna."

Sati shida na yi ina shafa kafin fatar ta sake kwantawa. Mas'udu ya yi kwanaki bai ci tuwona ba, da yunwa ta ishe shi ya dawo. A Tsarnawa sunana marar kunya, kuma bai hana ni cin kasuwa ba.

Dangi na ta zarya wai in je in ba Inna haƙuri, tsohuwa ce, da kyakkyawar niyya ta yi. Wataƙila. Amma har yau in Yasmin ta ga na sauke tukunyar ruwa tana tururi, sai ta ruga bayan ƙyaure ta rufe wuyanta da hannu biyu. Ni, uwarta, take ɓuyar wa. Su zo su ga wannan tukuna, sannan su yi min zancen haƙuri.